Bayan kallon fim: mu matsa wa ƙanena ya faɗi abin da ya gani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Daga Gusau nake rubuto maka. Kwanan baya muka kalli wani fim na ƙasar waje mai fassarar Hausa, an ce daga littafi aka ɗauko labarin. Wata mata ce aka kashe mahaifinta a gabanta tana yarinya, uwar ta hana a ƙara tayar da zancen a gidan. Da ta girma sai barci ya gagare ta, zaman aure ya gagare ta, ta fara zuwa wurin likita mai magani da hira. Rana ɗaya ta amayar da komai, ta sha kuka, ta warke. Kan 'yan gidanmu ya rabu. Yayana ya ce tona asirin gida ne da raina uwa, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƙawata da ta karanta littafin ta ce an ɓata labarin. Innarmu ta ce ciwon Turawa ne, mu haƙuri muka sani. Ni kuwa ƙanena ya faɗo mini a rai. Tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu bara muka dawo Gusau, ba ya barci, ƙarar babur kaɗai sai ya zabura, kuma bai taɓa faɗin abin da ya gani ba. Mu zaunar da shi mu matsa masa ya faɗa kamar yadda aka yi a fim?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Kada ku matsa masa. Wannan shi ne abin da nake so ki fara riƙewa, sauran bayani zai biyo.

Bisa labarin da kika bayar, fim ɗin ya faɗi gaskiya a kan ciwon, amma ya yi wa maganin kwaskwarimar da za ta iya cutar da ku. Gaskiya ne abin da yaro ya gani a gida yana bin sa har girma. A Amurka an yi wani babban bincike a kan mutum sama da 17,000, aka fara fitar da sakamakonsa a 1998, aka ga cewa yawan wahalhalun ƙuruciya, irin su duka da ganin ana dukan uwa, yana tafiya tare da yawan ciwon damuwa, shaye-shaye, har da ciwon zuciya a girma. Gaskiya ne kuma dokar "kada a ƙara zancen" ba ta goge abin daga ƙwaƙwalwa. Tana dai barin kowa shi kaɗai da nasa.

Inda fim ya kauce shi ne ranar kuka ɗaya. Ina ganin nan ne ƙorafin ƙawarki ya samo asali. Marubuci yana da ɗaruruwan shafuka da zai nuna watannin da mara lafiya ke zuwa yana komawa, makon da ya samu sauƙi da makon da abin ya dawo, ranar da ya yi fushi ya ƙi zuwa. Mai fim kuwa awa biyu gare shi, kuma yana neman wurin da zai sa 'yan kallo hawaye, sai ya dunƙule aikin wata uku ko shida a minti biyar. Tunanin cewa fitar da abin da ke ciki lokaci guda shi ne waraka tsohon tunani ne, tun rubutun wasu likitoci biyu na ƙasar Austriya, Breuer da Freud, na 1895, kuma ilimin ya wuce nan da nisa. Har ma an gwada zaunar da mutane zama ɗaya tak jim kaɗan bayan tashin hankali a sa su ba da labarin dalla-dalla, aka ga ba ya hana ciwon, wasu ma ƙara musu yake yi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa yin haka ba.

Abin da muke yi a ɗakin hira daban ne. Ba ma fara taɓa labarin. Muna fara gyara barci, mu koya wa mutum yadda zai sassauta numfashi idan gabansa ya faɗi, mu fahimtar da shi cewa zaburar da yake yi ba hauka ba ce, jiki ne bai yarda haɗarin ya wuce ba. Sai ya samu natsuwa, ya amince da wanda ke gabansa, sannan a shiga labarin kaɗan-kaɗan, shi ke riƙe da linzami, in ya ce a tsaya a tsaya. A nan ne ake binciko tunanin da ke cin sa a ɓoye. Sau da yawa ba abin da aka gani ne kaɗai ke hana barci ba, akwai irin "ni na gudu na bar shi" ko "da ban aike shi ba da yana nan". Waɗannan ake warwarewa, ɗaya bayan ɗaya. Yawanci zama 8 zuwa 12 ne, mako-mako, wanda abin ya yi masa yawa ya fi haka. Mai ɗori ba ya ce maka tashi ka yi gudu ranar da ya ɗaure ƙafar.

Maganar yayanki tana da nauyi, ban raina ta ba. Mu mutane ne masu sutura, kuma sutura alheri ce. Amma tona asiri shi ne kai zancen gida bakin kasuwa. Abin da mara lafiya ya faɗa wa likita amana ce, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana shi, kuma ba a buɗe shi sai a wurare ƙalilan, kamar umarnin kotu ko in rai na cikin haɗari. Batun raina uwa kuwa, fina-finai na son a samu mai laifi, sai su ɗora wa uwa. Ƙwararre ba ya zama don yanke wa iyaye hukunci. Matar da ta ce kada a ƙara zancen, ita ma mijinta aka kashe. Shirunta nata ciwon ne, da shi ta iya tsayuwa ta raini 'ya'yanta. Don haka ki duba Inna da idon tausayi, domin ita ma daga wancan ƙauyen ta fito, kuma mai yiwuwa ita ma ba ta barci.

Ki gaya mata cikin ladabi cewa haƙuri da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata gare shi, shi ne mai "haƙuri kyakkyawa", duk da haka Suratu Yusuf ta faɗa mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Kuma tun fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi, da yadda ake magance su ta hanyar gyara tunani da nasihar wanda aka amince da shi. Addu'a da karatun Alƙur'ani su ci gaba, asibiti ba ya hana su.

Yanzu ga ƙanenki. Rashin barci, zabura da ƙarar babur, da gudun zancen, in sun haura wata ɗaya suna hana mutum harkokinsa, alamomi ne na ciwon firgici bayan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaitawa da PTSD. Shi kuwa ƙanenki tun bara yake fama da su. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma ya kamata a gan shi. Ku fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, ku nemi a haɗa ku da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. In ana buƙatar ƙarin kulawa akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Na san sunan Kware kaɗai na tsorata mutanenmu, amma da yawa cikin masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida a ranar.

Kafin nan, a gida, mutum ɗaya da ya fi sakewa da shi, wataƙila ke, ya ce masa: "Na lura ba ka samun barci. Duk ranar da kake son magana ina nan, in ba ka so ba komai." Sai a bar shi. In ya fara magana kada a katse shi da "ka yi haƙuri, ka manta", kada kuma a yi ta tono da tambayoyi. A daina kunna bidiyon hare-hare a waya a gabansa. A ja shi cikin jama'a, jam'in sallah, ƙwallo, sana'a ko makaranta, domin zaman ɗaki shi kaɗai na ƙara ciwon. Kada a sayo masa maganin barci a kemis, musamman diyazefam da matasa ke kira D5. Yana kama jiki, kuma ba ya warkar da wannan ciwo.

Idan ya fara cewa gara mutuwa, ko ya fara shan tiramol ko kodin, ko ya daina cin abinci, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kada ku jira ranar ganin likita. Ku kai shi sashen gaggawa a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai har ku isa.