Amsar Baffa kan harbin dinya da damina

Ɗana, saƙonka ya same ni lafiya, na kuma ga tambayarka a kan dalilin da ya sa maharba a da can ba sa shiga daji da damina, da ko akwai laifi ka bi abokanka harbin dinya a madatsar ruwan Dadin Kowa da ke nan jihar Gombe cikin watan Agustan nan.

Hanin ba camfi ba ne. Da damina ne zabuwar daji ke kwanci, dinya da kirinjijiya ke ƙyanƙyasa cikin ciyawar bakin ruwa, saboda haka wanda ya harbe uwa ɗaya ya kashe gida guda ne bai sani ba. Ga shuka a gona, wadda karnukan farauta za su tattake. Shi ya sa a garinmu ba a kaɗa gangar farauta sai an kai amfani rumbu, kuma sai Sarkin Baka, shugaban maharba, ya sa rana ya faɗi dajin da za a shiga.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, da kan burtu yake sanɗa. Yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsattsagar ƙasa, har gada ta sake da shi. Na taɓa ganin ya ɗana kibiya, sai ya lura da nonon gadar a cike, ya sauke bakan muka dawo gida hannu rabbana, ni kuwa ina ta ƙunƙuni don na riga na sa rai da romo. Bai taɓa sakin kibiya ba tare da bisimilla ba, kuma in ya tarar da dabba da sauran rai, yanka ta yake yi nan take.

Ka kuma tuna cewa Gombe ƙaramar jiha ce. Da aka cire mu daga Bauchi a 1996, Yankari, wadda aka keɓe don namun daji tun 1956, can Alkaleri a jihar Bauchi ta tsaya, harbi a cikinta kuwa laifi ne a doka. Ɗan dajin da ya rage mana gonaki da masu gawayi suna cinsa, gwankin da na sani ina yaro yau sai a labari.

Ka ba abokanka haƙuri. In hunturu ya kama ka zo gida, ni da kaina zan kai ka gaban Sarkin Baka. Ka gaida mahaifiyarka.