Wace manhajar CAM zan saya wa injin CNC ɗina? Amsoshin tambayoyinku

(CNC shi ne injin yanka da kwamfuta ke tuƙawa, CAM kuma manhajar da ke juya zane ya koma G-code, wato lambobin umarnin da injin ke karantawa.)

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi injin milin (na yankan ƙarfe) mai aksis 3, wato mai motsi ta fuska uku X, Y da Z, wanda aka taɓa amfani dashi ne, kwanturolarsa, wato kwamfutar da ke tuƙa shi, Fanuc ce tsohuwa. Shekara da shekaru da hannu nake rubuta G-code amma yanzu ayyukan da ake kawo min sun fara fin ƙarfin rubutun hannu. Wasu sun ce Mastercam wasu sun ce Fusion, ni dai na rasa wanne zan kama.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya duk biyun za su yi maka aikin aksis 3 babu ko tantama, Mastercam tun 1983 ake yinta a Amurka kuma tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a wuraren aiki, Fusion kuma ta Autodesk ce, zane da shirin yanka duk waje ɗaya suke, saidai ita biyan wata ko na shekara ake yi kuma ta dogara da intanet sosai. Amma ni ba daga suna nake so ka fara ba. Ka fara da abin da masu sana'ar ke kira fos.

Fos tafinta ne. Manhajar tana lissafa hanyar da wuƙa zata bi a nata yaren, sannan fos ya juya shi zuwa lambobin da kwanturolarka take ganewa, to in tafintan nan bai iya yaren injinka ba duk kyan abin da ka gani a allo ya tashi a banza. Kai da ka saba rubutu da hannu ma ka fi kowa sa'a a nan don zaka iya karanta abin da ya fito. Ka buɗe fayil ɗin ka duba, bayan M06 na canjin wuƙa ya kira G43 mai faɗa wa inji tsawon wuƙa, da lambar H daidai da wuƙar da aka ɗauka? G54 mai nuna inda aikin yake a kan teburi yana inda ya kamata? Kafin ya yi gudu da G00 ya ɗaga Z sama tukuna ko kuwa haka kawai ya ja wuƙar ta ratsa aiki? In rami mai zurfi ne G83 yake fitarwa ko layi ɗari na sauka da hawa? Na taɓa tsayawa kan wani inji da sabon fos ɗin da aka kawo mana ya manta da G43 bayan canjin wuƙa na biyu, Allah ya sa muna gwadawa a sama da aiki ne hannu na kan maɓallin tsayawa, da sipindil ɗin, wato sandar da ke juya wuƙa, ya tafi. Tun ranar bana yarda da fos sai na bi shi layi layi.

Sannan tunda kace kwanturolar tsohuwa ce akwai maganar ma'ajiya. Tsofaffin Fanuc wajen ajiyarsu ƙarami ne ƙwarai, shi kuwa aiki mai lanƙwasa manhaja tana iya farfasa shi zuwa dubban ƙananan layukan G01 sai kaga fayil ya ƙi shiga, ko ya shiga inji na tafiya yana ƙyarma. Ka tabbata manhajar tana iya haɗe ƙananan layukan nan su koma G02 da G03 na yanka mai kewaye, kuma ka shirya wayar RS-232 don tura fayil kaɗan kaɗan daga kwamfuta inji na cikin aiki.

Yadda zaka yi gwajin kuwa, kar ka yarda dillali ya nuna maka aikinsa da ya haddace. Ka ɗauko naka guda biyu, wanda ka fi yawan yi da wanda ya fi baka wahala, ka bashi zanen a fayil irin na STEP, ka zauna kusa dashi da agogo ka ga minti nawa daga buɗe fayil zuwa fitar lambobi, sannan ka ce masa mai aiki ya kira ya ce a ƙara faɗin ramin nan da milimita 2. Nan ake gane manhaja. Mai kyau zata gane zane ya canza ta sake lissafin hanyar da kanta, wata kuma sai ka koma ka zaɓi layuka daga farko. Bayan nan a yanka shi a injinka, a ƙarfen da kake aiki dashi. Kuma dan Allah ka gwada salon yankan nan da Fusion ke kira Adaptive, Mastercam ke kira Dynamic, inda wuƙa ke shiga da zurfi amma ta riƙa gutsurar gefe kaɗan, nauyin da ke kanta baya hawa baya sauka ko a kwana. Wannan da hannu ba zaka iya rubuta shi ba, kuma shi ne zai fi saurin nuna maka amfanin kuɗin da ka kashe, don tsawon bakin wuƙar duka ke ci ba ƙarshenta kaɗai ba.

In kai kaɗai ne kuma kai kake zanenka ni Fusion zan ce ka fara gwadawa, fos ɗinta suna nan kyauta da yawa kuma zaka iya buɗewa ka gyara. In kana da niyyar ɗaukar ma'aikata ko intanet ɗinka ba abin dogaro bane to Mastercam ta fi kwantar da hankali.

Tambaya: Malam ni ƙaramin rawta gareni, wato injin CNC na sassaƙa katako, allunan suna da ƙofofi masu ado nake yi, kwanturolar GRBL ke tuƙa shi. An ce min Fusion akwai ta kyauta, zata ishe ni?

Amsa: Ƙanwata ta kyautar nan ta masu yi don nishaɗi ce ba ta kasuwanci ba, kuma tun 2020 aka rage mata abubuwa, babu canjin wuƙa na kai tsaye, babu tafiyar gudu tsakanin yanka da yanka, aikinki zai riƙa jan lokaci. Ke da kike sayarwa ki duba VCarve ta kamfanin Vectric na Ingila, don irin aikinki aka yi ta, sassaƙa rubutu da wuƙa mai bakin V da jera sassa a kan allo ɗaya, kuma sayenta ake yi ba haya ba. In sassaƙa mai tudu da kwari kike son ki riƙa zanawa da kanki sai Aspire. In kuma kuɗi ne matsalar FreeCAD kyauta ce gaba ɗaya har ga ɗan kasuwa kuma tana da ɓangaren CAM, amma sai kin yi haƙuri da ita, ba don adon rubutu aka gina ta ba. Abu ɗaya ki riƙe, GRBL bata san G81 na huda rami ba bata san G41 da G42 na lissafin kaurin wuƙa ba, don haka ko wacce kika ɗauka ki zaɓi fos mai sunan GRBL, kar ki ce ai na Fanuc ma G-code ne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ke kula da wani wajen aiki, muna shirin sayen inji mai aksis 5 don yin abin zubin roba. Masu zanenmu SolidWorks suke amfani da ita. Dillali ya ce gwajin allo na manhajarsa ya isa ya hana karo. Haka ne?

Amsa: Yallaɓai bai cika maka maganar ba. Yawanci gwajin da ke cikin manhajar CAM hanyar wuƙa yake nunawa kafin ta bi ta fos, shi kuwa inji abin da ya fito bayan fos yake karantawa, kuma a aksis 5 tsakanin nan ne ɓarna take ɓuya, teburi ya juya ta ɓangaren da ba'a zata ba, ko aksis ya kai iyakarsa ya warware wuƙa na kusa da aiki. Shi yasa ake da irin su Vericut masu karanta G-code ɗin kansa su motsa hoton injin gaba ɗaya da matsewarsa da mariƙin wuƙa. Ka tambaye shi kai tsaye wanne nasa yake karantawa, ka ce ya rubuta a takarda.

Ka kuma zauna da ma'aikatanka ku ware aikin, nawa ne ke buƙatar aksis biyar su motsa lokaci guda nawa ne kuma 3+2 ya ishe su, wato a karkata aikin a kulle sannan a yanka kamar aksis 3. Zaka iya tarar da mafi yawa na biyun ne, kuma lasisinsu ba ɗaya ba. Tunda kuna kan SolidWorks, SolidCAM a cikinta take zama, zane na canzawa hanya na biye dashi. In kuma santsin fuskar abin zubi ne babban ciwon kanku ku saka PowerMill da hyperMILL cikin gwajin, a wannan fagen suka yi suna, PowerMill asalinta ta Delcam ce ta Ingila kafin Autodesk ta saye su a 2014, hyperMILL kuma ta Jamus ce.

Kar ku biya kuɗin ƙarshe sai an gyara fos a kan injin naku an yanka aikinku an auna shi, kuma yarjejeniyar ta faɗi kwana nawa na horo za'a ba mutanenku da wanda zai ɗaga waya ranar da fos ya fitar da abin da ba shi ba.