Yadda za a nemi ƙarin kuɗin kiwon lafiya

Malama, kin tambayi yadda ƙungiyarku ta Abuja za ta shawo kan 'yan siyasa su ƙara kuɗin rigakafi da wayar da kan jama'a. Ku tunatar da su alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a wannan birni a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, wanda har yau Gwamnatin Tarayya ba ta cika ba. Dokar Lafiya ta 2014 kuma ta tanadi asusun kiwon lafiya matakin farko. A ganina, ku miƙa buƙatarku a rubuce lokacin da kwamitocin lafiya na Majalisar Tarayya ke nazarin kasafi, sannan ku bi diddigin sakin kuɗin.