Hannun gem ko maus da kibod: wanne ya kamata a saya?

Tambaya: Ina buga PUBG Mobile da Call of Duty Mobile a waya. Idan na sayi hannun gem (kwantirola) irin na PlayStation, zan fi abokaina iya harbi?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. PUBG Mobile, da ya fito a 2018, bai amince da hannu a hukumance ba, sai an bi ta wata manhajar daban, abin da kan iya jawo a rufe maka akawun. Call of Duty Mobile ya amince da hannun PS4 da na Xbox, amma masu hannu da masu hannu yake haɗawa. Ke nan fifikon da kake hange babu shi. Gem ɗin waya, tun daga tushe, don yatsu a kan gilashi aka gina su. Shi ya sa mutuminka na cikin gem ke kwasar harsashi da kansa, wani tsarin ma bindiga ke tashi da zarar ka saita ta a kan abokin gaba. Gara ka sake jera madannan sikirin, ka koyi bugu da yatsu huɗu, ka kunna saiti ta hanyar karkata wayar. Duk kyauta ne.

Tambaya: Ɗana yana buga ƙwallo da tseren mota a kwamfuta, ya dame ni sai na saya masa hannu. Kibod bai isa ba?

Amsa: Hajiya, wannan karon yaron ya fi ki gaskiya. Madannin kibod abu biyu ya sani: an danna ko ba a danna ba, kuma kibod ɗin kusurwa takwas kawai yake bayarwa. 'Yar sandar da ke jikin hannu kuwa tana gane turawa kaɗan da turawa sosai, ta kowace fuska. Haka totur da birki: a hannu ana matsa su a hankali, a kibod sai dai a take gaba ɗaya. Tun Super Mario 64 na 1996 ake gina irin waɗannan gem a kan wannan sandar, kuma gem ɗin ƙwallo na EA Sports FC ma haka yake. Hannun Xbox ya fi saurin jituwa da Windows.

Sai dai kada ya yar da maus. A gem ɗin harbi irin Counter-Strike ko na tsara yaƙi irin Age of Empires, hannu ba ya kamo ƙafarsa. Saiti da sanda yana da wuya har sai da gem ɗin harbi na Halo, na 2001, ya riƙa taya mai bugu a ɓoye, yana rage gudun saitin idan ya zo kan abokin gaba. Har yau masu maus na ƙorafi a kan wannan tallafin, kuma ban ga laifinsu ba.

Tambaya: Mai araha fa?

Amsa: Sandar ce ke fara lalacewa, ka ga mutuminka yana tafiya ba ka taɓa komai ba. Nemi wanda aka rubuta Hall effect a kwalinsa: da maganaɗisu yake aiki, babu gogayya a ma'auninsa. Kuma ka tabbatar yana aiki da na'urarka kafin ka biya.