Kuregen da ke kwana a kogon itace

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce a hanyar Paraku ta ƙasar Benin ka ga kurege yana tsalle a kan kaɗanya, abokan tafiyarka suka so cusa wuta a kogon don su fito da shi, ka hana su, amma da suka nemi dalili sai ka rasa abin faɗi. Ka kyauta da ka hana.

Wanda ka gani ba irin namu na Adar ba ne. Namu yana da farin layi a haƙarƙari, rami yake ginawa, shi ke tone mana gujiya a gona. Wancan ɗan itace ne, wutsiyarsa doguwa mai zobe-zobe, kuma ana samunsa tun daga Senegal har Habasha, duk inda dajin ke da manyan itatuwa. Kogo yake nema ya shimfiɗa ganye ya kwana, a nan kuma macen ke haihuwa. Da hantsi sai ya fito ya miƙe a kan reshe yana shan rana, sannan ya shiga kiwo: 'ya'yan itace, ƙwari, har ƙwan tsuntsu in ya samu. Yakan sauko ƙasa, amma da ya ji motsi sai sama.

To, ga dalilin da ya sa iyayenmu suka hana cusa wuta a kogo. Naman bai kai rabin kilo ba. Wutar da aka cusa kuwa ba ta mutuwa don maharbi ya tafi, tana cin cikin itacen a ɓoye har ya faɗi. Itacen da ya yi kogo ya girmi kakanka, zuma na zama a ciki, tsuntsaye ma haka. Ka tuna kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana azabtar da mai rai da wuta. Sa hannu a kogo shi ma an hana mu, saboda maciji da kunama, kuma cizon kurege kan rure in ba a wanke shi an je likita ba.

Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 a nan Tawa, muka ga yadda iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki har sai da aka dasa layukan itacen bedi, wato dogon yaro, a kwarin Majiya, zuciyarmu ba ta jure ganin an kashe babban itace saboda loma biyu. Ka gaya wa abokanka haka. Ka gaishe min da mai gidanka, Allah ya kiyaye hanya.