Y ɗin faranti dabam, Y ɗin cikin akwati dabam

Ka tambaye ni wai me ya sa ka ga Y a farantin bayanan da ke jikin tsohon moton lantarkin nan, ka buɗe akwatin da ake haɗa masa wayoyin wuta kuma ka sake ganin Y, ko abu ɗaya ne. Ajiye wayar hannun nan tukuna, ku yaran yanzu kunne na wurin maigida, ido na kan waya.

Hanya biyu ake haɗa wa moto wuta, sita da dalta: Y ɗin faranti alamar haɗin sita ce, alama mai kusurwa uku kuma ta dalta. Na cikin akwati sunan bakin koyil ne, wato naɗin wayar jan ƙarfen da ke cikin moto. Tsofaffin moton lantarki na Jamus U, V, W suke rubutawa a farkon koyil, X, Y, Z a ƙarshe; sababbi kuwa U1 da U2. Gwada su da mita kuma ba sai na koya maka ba.

Harafin nan ya taɓa ci mini kuɗi. Wani Alhaji mai injin niƙa a Dawanau ya kawo mini moto mai doki 15, farantinsa 220/380, wato volt 220 a dalta, 380 a sita. Kwana huɗu ina naɗi, na zuba banis, na gasa, ya tashi lafiya lau a gabansa. Na ɗauki alli na rubuta Y babba a murfi don a haɗa shi a sita, na ce: «Alhaji, bari in zo in haɗa da hannuna.» Ya ce a'a, kuɗin mota da na haɗi sun yi yawa, yana da yaro a unguwa. Yaron ya ga Y, ya zaci bakin waya nake nuna masa, ya jera ƙarafan haɗin a dalta. Koyil ɗin da zai sha volt 240 a sita sai ya sha 415 cur. Ko buhu ɗaya ba a niƙa ba hayaƙi ya turnuƙe.

Washegari sai ga Alhajin da moton a bayan a-kori-kura, yana ɗaga murya a bakin shagona wai tsohuwar waya na sa masa. Ni! Na buɗe akwatin a gaban maƙwabta, ga ƙarafa uku a tsaye, haɗin dalta ke nan, bai ko kalla ba. Dattawan layi suka ce in yi haƙuri. Na sake naɗi da jan ƙarfen da na saya da kuɗina, cikon kuɗin aikin farko kuwa har yau shiru, kuma muna haɗuwa a masallacin Juma'a.

Wannan na gabanka 400/690 ne, dalta za ka haɗa shi a wutarmu. Kira ni in duba kafin ka ba shi wuta.