Tambayi Likita: Na'urar yatsa ta nuna 84 ina kan keken gwaji

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An tura ni gwajin motsa jiki saboda ina haki in na hau bene, suka ɗora ni kan keke suka maƙala min ƴar na'urar nan ta yatsa, ina cikin tuƙi sai na ga ta sauka 84, da na huta ta koma 97. Wallahi tun ranar hankalina a tashe yake. Huhuna ne ya lalace? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar uwa, kwantar da hankalinki tukunna. Ita wannan na'urar yatsa, wato oksimita, ba jini take ɗiba ba, haske kala biyu take harbawa ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, sai ta bi bugun jijiya ta ƙiyasta yawan oksijin da ke cikin jini, shi ne lambar da kika gani. To kinga in kina tuƙi hannu na ta girgiza, kin damƙe kan keken ƙam jini ya ragu a yatsa, ga gumi, sai ta rikice ta kasa bambance bugun zuciya da motsin hannu, kuma yawanci ƙasa take yi da lambar. Yatsa mai sanyi ko fentin farce ma suna jawo haka. Shi ya sa ake duba bugun da take nunawa a gwada shi da na ECG, wato na'urar auna bugun zuciya da ake maƙalawa a ƙirji, in sun saɓa lambar nan ba abar yarda ba ce, kuma a irin wannan gwajin oksimitar da ake maƙalawa a goshi ko a kunne ta fi.

Ko a zaune kike ma tana da kuskurenta. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce in ta nuna 90, gaskiyar na iya zama tsakanin 86 da 94.

Amma abin da ya fi damuna shi ne akasin naki. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya gano a masu baƙar fata takan nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku kan fararen fata. Mai shan taba ma haka, dan ba ta bambance oksijin da gubar hayaƙi a jini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, mutum na wahala na'ura na cewa lafiya lau.

Kar ki watsar da 84 ɗin nan kuma, tunda haki ne ya kai ki, kuma akwai ciwon huhu da sai an motsa yake bayyana. Ki tambayi likitanki a hankali lambar ta dinga sauka ko tsalle ta yi lokaci guda, in da shakka a maimaita da ta goshi ko a ɗebi jinin jijiyar wuyan hannu a auna. In ciwon ƙirji ko jiri ya zo kafin nan, asibiti kai tsaye.